Zuwa Zariya da Akuyar Inna

Nassarawa GRA

Ana kiran assalatu muka ciccibi 'Yar Baƙa muka shimfiɗe ta a kujerar bayan motata, kan tsohuwar katifa. 'Yar Baƙa akuyar mahaifiyata ce, Inna, da ita ta taho daga ƙauye lokacin da ta dawo wurina da zama. Kwanakin baya mai kawo mana ruwa ya yi baya da mota ya buge ta a gadon baya. Tun daga nan ƙafafunta na baya suka sandare kamar taɓarya, ko ka danna ba sa lanƙwasuwa. Kowa ya ce a yanka, Inna ta ƙi.

Wani abokina ne ya ba ni labarin likitocin dabbobi a Zariya masu bincike kan sandarewar tsoka bayan raunin laka, kuma suna neman dabbobi irin tamu. Da suka ce in kawo ta, murna na yi kamar an ba ni kujerar Makka. Malam Sale maigadinmu, dattijo mutumin Jigawa, ya shiga baya ya riƙe mata kai. Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Ka ji ni da kyau, kada ka dawo mini da nama."

Kwanar Dangora

Gari ya waye mana bayan Kura, ina tuƙi ina 'yar waƙata. A shingen 'yan sanda wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, suna ne ko biki?"

Na ce, "Asibiti za mu."

"Waye ba lafiya?"

Na nuna masa akuya a kan katifa. Dariya ta hana shi cewa komai, da hannu ya sallame mu.

A Kwanar Dangora muka sha shayi, na sayi burodi na ajiye a baya. Ba mu yi nisa ba na faɗa wani rami, sai na ji katifa na kaɗawa. Ƙafafun 'Yar Baƙa ne suke shure-shure ba tsayawa.

Malam Sale ya ce, "Alhaji, tsaya. Tafiya za ta yi."

Na dubi madubi, sai ga wuƙa a hannunsa, har ya juya kan akuya gabas. Ashe tun daga gida ya wasa ta ya sa a aljihu, don a wurinsa ba a tafiya da dabba maras lafiya hannu rabbana. Ban san lokacin da na taka burki na diro ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Malam Sale, don girman Allah mayar da ita."

"To in ta zama mushe fa? Ga ba akuya, ga ba nama, me za mu ce wa Hajiya?"

Muna cikin wannan ja-in-ja muka ji ƙarar leda. 'Yar Baƙa ta miƙa wuya ta cinye rabin burodina. Malam Sale ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da wuƙa kube, ya ce shi dai bai taɓa ganin mai gargarar mutuwa da cin burodi ba. Na yi dariya har da hawaye, muka ci gaba da tafiya muka wuce Tashar Yari.

Zariya

Da hantsi Dakta Rifkatu, shugabar masu binciken, ta karɓe mu. Na ba ta labarin hanya, ta ce wannan shure-shuren ba mutuwa ba ne, ba kuma warkewa ba ne. Saƙon ƙwaƙwalwa ne ya daina isa ƙasan raunin, shi ya sa jijjiga kaɗan ke sa tsoka ta ɗaure ko ta yi ta karkarwa. Suka ba ta maganin sassauta tsoka, suka gasa ƙafafun da ruwan ɗumi. Muka je Samaru muka ci waina da miyar taushe. Da muka dawo bayan azahar, Dakta ta kama ƙafa ɗaya ta lanƙwasa, ta kuwa lanƙwasu. Tafi na yi a gaban ɗalibanta, ko kunya ban ji ba.

Sai ta ce, "Alhaji, kada in ruɗe ka. Sandarewar muke rage mata, da ciwon. Tafiya kam da wuya ta sake yi. Ka bar mana ita mu ga yadda maganin zai bi jikinta, za mu haɗa mata ɗan keken da za ta riƙa jan jiki da shi."

Haka muka baro ta a can. Duk tsawon hanyar dawowa ina ta juya yadda zan gaya wa Inna.

Gida

Mun shigo Nassarawa ana sallar magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Dakta da ɗalibanta, har da Malam Sale da ya ji roƙona. Inna tana zaune a baranda, sandarta a jingine. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta ce, "Tana cin abinci?"

Na ce, "Sosai ma. Sai dai, Inna, an ce ba za ta ƙara tafiya ba."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To sai me? Ni rabona da in taka ƙofar gidan nan da ƙafata tun yaushe? Wa ya ce a yanka ni?"