Yangzom, Wadda Ta Roƙa wa Ƙasa Karan Sha'ir

Da sassafe Inna Yangzom ke dama garin soyayyen sha'ir da shayin man shanu, ta ci a tsaye, ta kama hanyar gonakin kwarinmu. Malamar gona ce, kuma a kakar bana za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji.

Lokacin da aka turo ta, mukan kwashe kara tas bayan girbi domin shanu su samu abincin hunturu. Gona ta kwana tsirara, iska ta kwashe ƙasar sama. Da muka ga amfani yana raguwa sai muka koma zabga takin yuriya. Sha'ir ya yi tsawo, ya yi kore shar, ana dab da girbi ya kwanta cikin laka.

Ta ce a bar wa ƙasa rabin karan, a rage taki. Tsoho Migmar ya yi dariya.

"'Yar nan, shanuna maganarki za su ci idan ƙanƙara ta rufe dutse?"

"Karan gidanmu za su ci, Baba. Kai dai bar naka a gona."

Haka aka yi. Hunturun ya yi tsanani, saniyar gidansu Yangzom ta rame har ta daina ba da nono, ta mutu kafin ciyawa ta fito. Surukarta ta yi wata ba ta kula ta ba. Sannan shukar Migmar ta fito rawaya, domin kara mai ruɓewa yakan janye takin kafin saiwa ta samu.

"Malama, zinariya kika shuka mana ne?" in ji masu wucewa.

Ta koma gonar Migmar. Ta raba takin biyu, ta jira shuka ta fara 'ya'ya sannan ta zuba sauran da hannunta. A shekarar Migmar bai fi kowa samu ba. Sai a kaka ta uku, da ruwa da iska suka kwantar da gonakin maƙwabta, tasa ta tsaya. Ya tona ƙasar, ya same ta baƙa, da danshi. Ya kora maraƙa guda har ƙofar gidanta.

"Ki kai wa surukarki. Ki ce tsohon nan mai taurin kai ne ya aiko."

Ke ce mai haƙurin ƙasa, Yangzom. Ba ki taɓa cewa mu yi abin da ba ki fara ɗaukar asararsa ba. Har yau wasunmu suna kwashe kara, kuma kina shan shayi a gidajensu ba tare da gori ba. Mun gode.

Matasan da za su gaje ta, ga abin koyi. Mai noma ba ya ƙin gaskiya, yunwar hunturu yake tsoro. Ku fara sanin abin da dabbarsa za ta ci kafin ku faɗa masa abin da gonarsa ke so.