Namijin Dabinon Abarshi

Abarshi bai taɓa taka jirgin sama ba, amma duk Gure ba wanda jirgi ya hana sakat kamarsa. Tun da Nasara suka sa aka share fili a bayan gari, shi aka ɗora wa aikin hayaƙi. Da ya jiyo ƙugi daga wajen Damagaram sai ya ruga ya cinna wa tulin ciyawa wuta, matuƙi ya ga inda iska ta nufa ya sauka. Ba a tambaye shi ko yana so ba. Garkarsa ce ta fi kusa da filin, iyakar laifinsa ke nan.

Garkar tana cikin kwari, da rijiya da 'yar albasa da dabino goma sha ɗaya. Goma mata ne, ɗaya namiji, dogo fiye da duka, dashen ubansa. Namijin ba ya 'ya'ya, amma in fure ya fito sai Abarshi ya hau ya yanko nasa, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu. Da dabinon nan gidansa ke samun hatsin musaya. Matarsa Habsu takan ce ya fi iya aurar da itatuwa da gyaran danga.

Wata shekara manyan soja suka zauna can nesa, suka zaɓi jirgi mai inji biyu don koya wa sababbin matuƙa. Sai ga sarjan ya zo duba fili, tafinta Umara na biye, da gardi, dogarin Nasara, riƙe da bulala.

"Baba Abarshi," in ji Umara, "wannan jirgin mai nauyi ne. Wajen koyo har kashe inji guda ake yi da gangan, sai ya tashi ƙasa-ƙasa. Sarjan ya ce itace ɗaya ya yi tsawo."

Umara ya nuna namijin.

"Ka gode masa," in ji Umara. "Ya ce a bar maka masu haihuwa, a sare wanda ba ya ba da komi."

"Ɗana, kai ɗan Gure ne, ka san abin da yake bayarwa. Gaya mishi ya ɗauki mata biyu ya bar mini wannan. Jirgin nasu ma ai ba da inji guda aka yi shi ba."

Umara ya dubi fuskar sarjan, ya dubi bulalar gardi, ya faɗi 'yar gajeruwar magana da Faransanci. Sarjan ya yi murmushi, har ya dafa kafaɗar Abarshi. Ko me aka gaya masa, oho. Gatari dai aka miƙa wa Abarshi, wai shi ya san itacensa. Ya sare shi da hannunsa, hawaye na zuba, ba ya ko ɓoyewa.

Da lokacin fure ya zo, ya nemi izinin kwana uku ya je Gidigir ya roƙo furen namiji. Aka ce sam, jirgi na iya zuwa kowace rana, wa zai yi hayaƙi? Habsu ta aika saƙo ta hannun fatake, ba a ji komi ba. Abarshi ya wuni bakin fili yana kallon furen matan na buɗewa yana bushewa. 'Ya'yan da suka fito 'yan ƙanana ne, suka yi ta kakkaɓewa tun suna kore.

Jirgin bai zo ba sai bayan wata huɗu. Abarshi ya ruga ya cinna wuta kamar kullum. Jirgin ya taho da ƙugin inji biyu, ya bi ta inda namijin yake a da, ya sauka lafiya lau. Sarjan ya aiko Umara ya gaya wa Abarshi hayaƙinsa ya yi kyau.