Sha Takwas Ɗin Anti Faci

A ofishin nan mai tebur shida da fanka mai ƙara, babu wanda ke kiranta da wani suna sai Anti Faci, kuma ba ta jin haushi, don ta san ta ci sunan. A shagon buga takardu ta fara aiki. Ranar da kwamfutar shagon ta lalace, mai shago ya tafi neman mai gyara, kafin ya dawo ta tayar da ita. Daga nan ta kamu. Ta koyi rubuta manhaja da littafin aro, tana jijjiga goyo a baya, har wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ta ta gina masa manhajar sayar da tikitin bas ta waya.

Sati uku aka ba ta. Motocin kamfanin a lokacin duk masu kujera sha takwas ne, don haka duk inda manhaja ta buƙaci yawan kujeru, sai ta danna 18 ta wuce. A gefe takan rubuta wa kanta, "a gyara daga baya." To, kowa ya san daga baya ba ta da rana a kalanda.

Bayan shekara biyu aka sayo manyan motoci masu kujera talatin da biyu. Manhaja ta ce ita fa sha takwas ta sani. Manaja ya ce a yi dabara kafin Litinin, Anti kuwa ta yi: kowace safiya takan shiga da hannu ta raba babbar mota biyu, ɗaya mai sha takwas, ɗaya mai sha huɗu wadda babu ita a duniya. Fasinjoji suka yi ta yawo a tasha suna neman motarsu, har direbobi suka saba da cewa, "Shigo nan, duk ɗaya ce." Matakan rabon goma sha ɗaya ne, in an saɓa ɗaya sai a sayar wa mutum biyu kujera guda. Dogo, abokin aikinta, ya taɓa gwadawa, aka kwana biyu ana ba mutane haƙuri.

Haka ta yi shekara huɗu babu hutu. Gaskiya abin ya ɗan yi mata daɗi da farko, wa ke ƙin a ce in ba shi ba aiki ya tsaya? Sai ga waya daga mahaifiyarta, wadda ke wani gari mai nisa inda ko kira sai an hau tudu. Yanar ido ta rufe ta, likita ya sa ranar aiki nan da wata biyu.

"Ke nake so ki riƙe min hannu," in ji tsohuwar. "Kada ki aiko min da ƙaninki, shi ko shayi bai iya haɗawa ba."

Anti ta ajiye waya. Washegari ta sa kwamfuta ta ƙirga mata sha takwas ɗin, aka samu ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta sayo ƙananan takardu masu gam, ta rubuta kowane wuri a takarda guda, ta liƙe bangon ofis kaf, har da ƙofar Manaja.

"Anti, mene ne wannan kuma?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, aikina ne na gaggawa. Ka ba mu kowace Alhamis kawai. Ranar babu sabon abu, sai sharar sha takwas ɗin nan."

"Ni da nake jiran maɓallin rangwame?"

"Maɓallinka zai zauna kan sha takwas guda tara. In ka yarda a share, kwana biyu ne. In ka ƙi, sati uku, kuma ni ba na nan."

Manaja ya dubi bango ya dubi Anti, ya ga hakin da aka raina ne ya tsone ido. Ya ce to, Alhamis.

Dokar mai sauƙi ce: ka cire takarda, ka gyara wurin ya riƙa tambayar mota yawan kujerunta, wani ya duba, sannan ka yaga. Dogo ya mayar da abin gasa. Mai Gilashi, wadda ke gwada manhaja kafin a sake ta, ta ƙi yarda da gyara goma sha biyu, ta sake liƙa su da hannunta ana ta yi mata tsiya. Wata Alhamis Dogo ya goge wani sha takwas da ashe shekarun direba ne, manhaja ta ce direba sai ya kai talatin da biyu. Anti ta yi dariya har da hawaye, ta ce gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ana saura kwana uku a yi wa tsohuwar aiki takarda ta ƙarshe ta faɗa kwando. Anti ta sayi tikiti ta waya kamar kowa, ta tafi, ta bar kwamfutarta a aljihun tebur.

Ita ta riƙe hannun tsohuwar har ƙofar ɗakin tiyata, ita kuma ke zaune a gefen gado da aka kwance bandeji. Tsohuwar ta yi ta ƙifta ido, ta dubi taga, ta dubi likita, sannan ta tsaya kan 'yarta ta daɗe. Ta miƙa hannu ta taɓa gefen kan Anti inda ɗankwali ya zame.

"'Yar nan, yaushe kika yi furfura ban sani ba?"

 Anti ta matso kusa don a ƙara ganinta da kyau.