Ƙarƙashin Kujerar Yaya Labbo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Labbo masassaƙi, mutumin Sanyinna, kuma har yau ba wanda ya zo ya janye sunan ɓarawon daji da anka laƙa mishi a tsakiyar kasuwar Kebbe. Wani malamin daji ne ya yi wannan aiki. Ba zan rubuta sunanshi ba. Ya san kanshi, mutanen Kebbe ma sun san shi.

Ni a aji fuɗu na bar boko, ban iya kwana-kwana ba. Abin da na gani shi zan faɗi.

Yaya bai taɓa sa gatari ga ɗanyen icce ba. In iskar farkon damina ta wuce, sai ya bi daji a ƙasa yana neman ƙirya ko marken da ya faɗi da kanshi, ko ragowar da masu injin yanka sunka watsar. Wannan ya zama turmi, wancan ƙotar fartanya, guntaye su zama muciya. Ɓarɓashin ma ba ya zubarwa. Ya kwaɓa shi da ruwan ƙaro, ya cura, ya shanya, mata su yi girki da shi.

Kuma yana da wata al'ada da ya gada wurin babanmu. Duk abin da ya sassaƙa, sai ya bar wuri kamar faɗin yatsa uku a ƙarƙashi, gizago bai taɓa ba, da sawun gara a jiki. Wanda duk ya juya ya duba, ya san iccen ya mutu kafin ƙarfe ya same shi.

Ranar da malamin dajin ya tsaya kan kayanshi, ina wurin. Yaya ya nuna mishi wata kujera cikin kayan, ya ce, "Malam, juya ka gani." Sau uku yana faɗi. Mutumin bai ko sunkuya ba. Sai cewa ya yi, "Ni za ka koya ma aiki?" Anka loda komai a mota, har gizagon babanmu, ya nuna Yaya da yatsa ya ce wa jama'a ga masu cinye musu daji. A wannan rana motoci biyu sun bi gefen kasuwa shaƙe da ɗanyen katako. Ba wanda ya ɗaga musu hannu.

Yaya bai sake sassaƙa ba. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama cikin mutane bayan la'asar. Damina biyu ya ƙara, ciwo ya kwantar da shi. Ajali ne, na sani, ban ce wani ya kashe shi ba. Amma 'ya'yanshi har gobe in gardama ta haɗa su da wani, da wannan suna ake rufe musu baki.

Yanzu ga rediyo kullum tana faɗin wai gwamnati ta fito da tsarin mai da ragowar itacen daji abin amfani. Madalla, ba na gaba da tsarin. Da Yaya na da rai, na san dariya zai yi, sannan ya tambaya ko tsarin ya san da irinshi. Wa zai ba masassaƙi takardar da za ta kare shi? Wa zai koya wa ma'aikaci bambancin mataccen icce da ɗanye? In ba a yi wannan ba, an buɗe sabuwar ƙofar wulakanta talaka ne kawai.

Abin da ya rage na Yaya ba ya cikin ofis. Turamenshi ne, da har yau ake daka gero a ciki daga Sanyinna zuwa Jabo, ba wanda ya tsage.

Kwanan baya anka kira taron wayar da kai kan wannan tsari a Tambuwal. Na hau babur na je. Wa zan gani riƙe da lasifika? Malamin dajin nan ne, ya yi ƙiba, ya zama babba. A gabanshi tebur ne da kayan misali, cikinsu har da wata kujera 'yar tsugunne. Tun daga nesa na gane saran gizagon Yaya ne. Ya ɗaga ta ya ce irin wannan suke so mutanenmu su koya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓe ta daga hannunshi, na kife ta bisa teburin. Ga sawun gara nan, faɗin yatsa uku.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mai kujerar ga ya roƙe ka sau uku ka juya ta, ka ƙi. Yau na juya maka. Ba kujera nika so ba, riƙe abarka. Kasuwar Kebbe na nan inda ka bar ta. Je ka tsaya inda ka tsaya, ka faɗa wa 'ya'yan Labbo ubansu ba ɓarawo ba ne. Kafin nan, kar ka sake koya wa kowa aikinshi."