Sansanin da Na Ajiye a Cikin Kwari

Shekara biyu na yi ina kula da aikin wata hanyar gwamnati da ake sassaƙawa a duwatsun kudu, alhali ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba. Ofishinmu yana Riyad, hawa na uku. Ni kuwa injiniya ne ɗan Kano, inda in ka hau juji sai ka hango ƙauye uku. A takarda kawai na san dutse.

Da za a kafa sansanin ma'aikata, na duba taswira na ga fili ɗaya tak shimfiɗaɗɗe, cikin wani busasshen kwari. Na sa hannu, har ina yaba wa kaina.

Shugaban leburorin wani dattijo ne Bakatsine. Wata safiya ya bugo mini waya.

"Injiniya, mutanen ƙauyen nan sun ce mu tashi. Ko akuya ba sa ɗaurewa a kwarin nan."

"Baba, akwai hadari ne?"

"Babu. Rana ma ake ƙwallawa."

"To a bari sai mudir, shugaban ofishinmu, ya dawo. Bukra, gobe ke nan, in sha Allahu."

Na ɗauka ruwa ko'ina irin namu ne, mai sallama: gabas ta haɗe, iska ta taso, mata su kwashe shanya. Ashe a can sai a tafka shi a wani tsauni mai nisa, ku kuna cikin rana, ya gangaro muku da duwatsu.

Dattijon bai jira ni ba, ya kwashe mutanensa ya hau da su tudu, har da injin wutar sansanin. Raina ya ɓaci, don ƙuruciya da kujera sun hau mini kai. Na aika masa takardar gargaɗi, na ce a mayar da injin wuta inda na tsara kafin Juma'a.

Ranar Alhamis da hantsi ruwan ya sauko. Duk ma'aikatan suna tudu suna kallo, ba abin da ya sami kowa, sai dattijon, da ruwan ya ritsa da shi a cikin kwarin, ya yi ajalinsa.

Direban da ya kawo akwatinsa Riyad ne ya ba ni labari, yana tsaye gaban teburina, ya ƙi zama. Ya ce da aka karanta wa Baba takardata, mutum uku sun miƙe za su sauka da injin. Ya hana su, ya karɓi makullin motar.

"Cewa ya yi umarnin injiniya ne, dole a bi. Amma ba zai tura ɗan kowa ba."