Hutun da Ya Kusa Cinye Ni

Da ɗana ya gama gininsa a unguwar manya ta Koira Kano, ya zo unguwarmu Kalley da mota ya kwashe ni. A nan na tsufa, cikin gidan haya mai ɗaki ɗaiɗai, ina saƙar faifai da rinanniyar kaba. Kullum da safe nakan taka da ƙafata zuwa kasuwar Petit Marché in yi cefane, in yi faɗa da masu tumatir da Zabarmancina da har yau bai nuna ba, in dawo da gumi. Ya ce duk wannan ya ƙare. Uwar ma'aikaci kamarsa ba za ta zauna a ƙasa tana huda yatsu ba, mutane su ce ya kasa riƙe ta.

Aka ba ni ɗaki mai sanyi, da kujera, da tele. In na miƙa hannu zan ɗauki buta, ƴar aiki ta riga ni. In na nufi ƙofar gida, mai gadi ya tambaye ni ina za a kai ni. Unguwar kuwa katanga ce ke gaida katanga, babu mai leƙo ka ko da neman gishiri. Na yi ƙiba, gwiwoyina suka sandare, ƴan uwa masu ziyara suna cewa na ji daɗi.

Wata rana ina sallar la'asar surar da nake karantawa tun ina yarinya ta yanke mini a tsakiya. Na tsaya a kan darduma bakina a buɗe. Na ce gajiya ce, ko da yake ban san aikin da na yi ba. Bayan ƴan kwanaki jikata ta dawo daga lakwal da jakar littattafanta ta faɗa jikina, na dubi fuskarta, na san tawa ce, amma sunanta ya ƙi zuwa. Na ce mata "kishiyata" kamar yadda muka saba wasa, ta yi dariya ta wuce.

Na san inda wannan hanya take kaiwa. Goggona haka ta fara, ta ƙare tana kiran matattu su zo cin tuwo, ana kulle mata ƙofa kada ta bi titi. Ni na riƙa yi mata wanka tana tambayata ko ni wace ce. Tsoro ya hana ni cin abinci, kuma ban gaya wa kowa ba, don na san maganin ɗana: ya ƙara mini hutu.

Sai na roƙi ƴar aikin ta nemo mini kaba da basilla a ɓoye. So nake in gwada kaina. Na rufe ɗaki, na sauka ƙasa da ƙyar, na baza kabar a gabana, ja da koriya da baƙa. Na nemi yadda ake fara cibiyar faifai a kaina na rasa. Wallahi a lokacin na yi kuka, na ce shi ke nan, na bi goggo. Ina kukan ne na kama waƙar da muke yi a tsakar gidan Kalley in muna aiki, ban ma san na kama ba. Yatsuna suka naɗe kabar da kansu, basilla ta shiga ta fita. Kafin magariba ina da abu kamar tafin hannu, karkatacce, wanda da can ko kyauta ba zan ba mutum ba.

Na ci gaba kullum. Na kuma fara zagaya tsakar gida da sassafe, mai gadi yana kallona kamar akuyar da ta tsinke igiya. Wani abin ya dawo, wani bai dawo ba. Likita daga baya ya ce in riƙa tafiya, in shiga mutane, in bar hannuna cikin aiki, amma bai yi mini alkawarin kome ba.

Kafin zuwa likitan, ɗana ya shigo wata Asabar ya same ni a ƙasa cikin kaba. Ransa ya ɓaci. Ya fara maganar me ya rage ni da shi, me mutane za su ce.

Na ce, "Kai, ɗan nan, na manta sunan ƴarka. Rannan ta tsaya a gabana na neme shi na rasa."

Ya zauna a ƙasa da shaddarsa mai sitaci, ya daɗe yana juya faifan. Da ya ɗago, idonsa irin na lokacin da yake ƙarami zazzaɓi ya kama shi.

"Inna, ni fa? Kin san nawa?"

Ɗan fari ne. Tun da na haife shi kunya ba ta bar ni na kira sunansa ba, don haka ko da na manta shi babu wanda zai gane, har ni kaina. Na leƙa cikin kaina. Yana nan. Na buɗe baki na faɗe shi, da ƙarfi, har sau biyu.