Doguwar Waya

Har yanzu samari sukan zo wurina da jitar bes, mai kaurin sautin nan, rataye a baya, wai in ba su shawara kan kayan kiɗa. Sai in ce su zauna. Tsirkiya huɗu ta ishe ka, nake gaya musu, wanda bai gama da huɗu ba me zai yi da ta biyar? Kada ka jona amfilifaya a janaretan gidan biki babu sitabilaiza, sai dai in kana marmarin jin ƙaurin kayanka. Kada ka ɗora sifikar bes a kan kujera, ajiye ta a ƙasa, domin ta ƙasa sautin ke bi ya isa ƙafafun masu rawa. In an kai ku wasa unguwar Kado kuma, don girman Allah ka ƙyale gasasshen kifin nan sai an tashi, maiƙon yatsa yana kashe tsirkiya. In ta mutu, tafasa ta a ruwa, za ta ɗan farfaɗo, amma ba a tukunyar miyar matarka ba. Ni na gwada, na kuwa ji a jikina.

Duk wannan suna gyaɗa kai. Inda muke rabuwa shi ne in na ce su sayi gajeriyar waya, wadda ke haɗa jita da amfilifaya. Sai su dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni, tunda kowa ya san doguwa ta fi ba mutum sakewa. To, ni ina da dalilina.

Na zo Abuja bayan sojoji sun koma bariki, da takardar digiri da aiki a wata ma'aikata, aka ba ni ɗan gida a Garki. Bes kuwa tun a jami'a na koya, wurin wani abokin ɗakina. Garin a lokacin kamar ana hura shi. Duk inda ka waiga gini ne ke tashi, duk Asabar akwai biki, ko walimar ƙarin girma, ko liyafar sallamar wani babba. Masu kiɗa sun yi tsada. Wani mutumin Filato mai busa ƙaho, wanda ke da ƙungiyar makaɗa, ya ji ni ina taɓawa a shagon gyaran rediyo, ya ce in zo ranar Asabar. Oga muke ce masa, shi kuma yana ce mini Malam.

Matsalar ita ce, mutanen da ke cika waɗannan bukukuwa su ne mutanen ofishinmu. Ni kuwa ɗan gidan mutunci ne daga Zariya, mai zuwa aiki da hula da guga, mai jiran ƙarin girma, mai neman aure a gidan da ake tona asali. A wurinmu makaɗi maroƙi ne, ko da me yake kaɗawa. Na san abin da za a ce: ɗan gidan wane ya gama boko ya koma roƙo a Abuja. Ina son kiɗan nan kamar raina, amma ina tsoron wannan magana fiye da yadda nake son sa.

Sai na yi dabara, kuma a lokacin har alfahari nake da ita. Na tafi Dei-Dei na sayo katako mai kauri, na sa kafinta ya haɗa mini akwatin sifika da ya fi ni tsayi. Na gaya wa 'yan ƙungiya wai tsayin ne ke ba sauti zurfi. Ƙarya ce tsagwaronta, rabinsa ma da ya isa. Sannan na je kasuwar Garki wurin wani Bakatsine mai kayan lantarki na ce ya yanko mini waya. Yana aunawa ina cewa ƙara, har ya tsaya ya ce, "Alhaji, unguwa za ka ja wa wuta?" Amfilifaya tana can gaba kusa da Oga, shi ke murɗa ta tunda shi ke jin abin da jama'a ke ji. Ni kuma ina bayan akwati a kan kujerar roba, wayar ta ratso dandamali ta zagayo ta same ni. Ta wata 'yar kafa ina hango ƙafar mai ganguna a kan fedar da yake takawa ya buga babbar ganga, kuma mai bes ba ya bukatar ganin komai a duniya sai wannan ƙafa.

Haka na yi shekaru. Kuma in faɗi gaskiya, na iya. Ba yabon kai ba ne. In ni da mai ganguna muka haɗe, ko tsohuwar da ta zo cin shinkafa kawai sai ka ga kafaɗarta tana motsi. Al'adar Oga ce kafin a tashi ya gabatar da kowa, mutum ya fito gaba ya ɗan nuna hannunsa a tafa masa. In ya zo kaina sai ya nuna akwati ya ce, "Mai bes namu aljani ne, ba ya fita da rana." A yi dariya, a wuce.

Wata Asabar bayan azahar muka je bikin ɗan daraktanmu, a wani babban zaure nan Garki. Daraktan nan mutum ne da ko murmushinsa ban taɓa gani ba. In ka shiga ofishinsa da fayil, kallon fayil ɗin yake yi, kai kuwa kamar ba ka nan. Na shigo ta ƙofar masu abinci tun kafin baƙi su iso, na shige gurbina.

Can wajen la'asar kiɗa ya yi daɗi irin wanda ba kullum ake samu ba. Oga ya ɗaga hannu, ƙaho ya yi shiru, fiyano ya yi shiru, aka bar ni da ganguna kaɗai. Ta kafar nan na ga abin da ban taɓa zato ba. Darakta ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya shigo fili yana taka rawa, idonsa a lumshe. Zaure ya ɗauki guɗa da tafi. Yatsuna yake bi, wallahi, duk inda na juya nan yake juyawa.

Sai ga Oga ya leƙo bayan akwati, gumi na zuba, yana magana da irin Hausarsa. "Malam, fito mana! Mutane tana neman ka. Waya naka zai kai har gaba, fito!"

Gaskiyarsa, za ta kai. Na miƙe tsaye da jita a wuya, ban daina kaɗawa ba. Na taka har gefen akwati, haske ya taɓa mini takalmi. Daga nan na hango teburin 'yan ofishinmu, ga su jere da huluna, har da wanda muke takarar kujera ɗaya da shi. Na ja da baya, na koma kan kujerar roba. Oga ya dube ni, ya girgiza kai, ya koma ya ɗauki ƙahonsa. Bai ƙara kirana ba har muka rabu.

Ran Litinin na kai wa darakta fayil. Yana sa hannu, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ban gan ka wurin biki ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wani uzuri ne ya taso."

Ya ce, "Ka yi asara. Akwai wani mai kaɗa abin nan da ke dukan ƙirji. Na ce a kawo mini shi mu gaisa, aka ce wai mai kunya ne." Sai ya shiga buga kiɗan da yatsa a kan tebur. Ya kuskure a wuri ɗaya, inda ake ɗan jinkirtawa kafin a faɗa. Bakina ya yi ƙaiƙayi in gyara masa. Na ce, "Allah sarki," na ɗauki fayil na fita.

Har yau ban san abin da zai faru ba da na fito. Wataƙila ya rungume ni a zaure, ran Litinin kuma ya raina ni. Mutanenmu sun iya wannan sarai. Abin da ke cina shi ne ban bari na sani ba.

Daga baya fiyano ya koyi yin bes da kansa, masu biki suka gane mutum ɗaya da na'ura ya fi arha, ƙungiya ta watse. Oga ya koma gida, can ya rasu. Akwatin nan matata ta sa aka yi masa kantoci, tukwane ke ciki yanzu. Na sami ƙarin girman, na yi auren, na yi ritaya ba wanda ya taɓa ce mini maroƙi. Mutuncin na tsare shi tsaf, ga shi nan, ban san abin da zan yi da shi ba.

Kwanan baya babbar 'yata ta shigo da murna. Ta daɗe tana jin labarin kiɗana wurin mahaifiyarta, tana ɗauka zolaya ce. Ashe ƙawarta dangin daraktan nan ce, an juyo kaset ɗin bidiyon bikin zuwa salula, ta karɓo. Muka zauna a falo muna kallo. Ga Oga da ƙahonsa, ga mai ganguna, ga mai fiyano, har mai raba lemo ya fito ɓaro-ɓaro.

Ta ce, "Abba, to kai kana ina?"

Na ce ta saurara, za ta ji ni. Aka zo wurin da aka bar ni da ganguna, sai ganguna kaɗai ke tashi. 'Yar sifikar salula ba ta ɗaukar bes. Darakta na ta rawa, abin da yake bi kuwa babu shi.

Na matso da fuskata kusa, na sa yatsa a kan wani baƙin zare da ya ratsa dandamali ya ɓace bayan akwati. Na ce ta duba nan. Muna kallo doguwar wayar jitar nan tawa ta ɗaga daga ƙasa, ta matso gaba kaɗan, ta tsaya, sannan ta koma ta kwanta.

Na ce, "Ga ni nan."

Ta mayar baya ta sake kallo, ta kuma mayarwa. Sannan ta juyo ta ce, "Abba, ai saura kaɗan. Me ya sa ka koma?"

Na karɓi salular daga hannunta, na mayar baya, na sake kallon wayar jitar tana matsowa gaba.